FILIN MANOMA: Madubin Gani Da Dare, Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Makon jiya wani manomi mai lambu a bakin fadama ya aiko mana da takarda. Ya ce shekara biyu ke nan wani abu na shigar masa gona da dare yana tone masa rogo da dankali. Ya yi gadi har ya gaji bai taɓa sa ido a kansa ba, domin da ya kunna tocila sai ya ji gudu kawai cikin ciyawa. To, ran kasuwa wani ɗan tireda ya nuna masa wani madubi mai kama da na hangen nesa, ya ce da shi ana ganin kome cikin duhu, har abin da ya ɓuya a bayan bango. Kuɗin da aka yanka masa kuwa ya kai na ɗan maraƙi. Yana tambaya, ya saya ko ya bari?

Malam, mun gode da wannan tambaya, gama ba kai kaɗai take damu ba. Masu garke, da masu kaji, da 'yan kasuwa masu ajiyar hatsi, duk ana kai musu tallan irin wannan kaya yanzu. Abin da za mu fara gaya maka shi ne, na'ura iri uku ce ake sayarwa da suna ɗaya, aikinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Maganar gani ta bayan bango kuma ƙarya ce, babu ko ɗaya daga cikinsu da take yin haka.

Hasken da ido ba ya gani

Kowa ya san bakan gizo. Launukansa a jere suke, ja a gefe guda, shuɗi mai duhu a ɗaya gefen. A shekarar 1800 wani masanin taurari da ke zaune a Ingila, sunansa William Herschel, ya sa gilashi mai kusurwa uku a hasken rana, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya ɗauki ma'aunin zafi yana ɗorawa a kan kowane launi don ya ga wanne ya fi zafi. Da ya gota ja, ya kai ma'aunin inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe akwai wani haske a bayan ja wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. Shi ne Turawa ke kira infared, mu kuwa a nan za mu ce masa ɓoyayyen haske.

In kana so ka gan shi yau ba tare da ka sayi kome ba, ɗauki rimot na talabijin, ka buɗe kyamarar wayarka, ka auna kan rimot ɗin gare ta, ka danna maɓalli. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan ƙwan da ke bakinsa yana walƙiya a fuskar wayar, alhali da idonka ba ka ga kome ba. In kyamarar baya ta ƙi, gwada ta gaba. Riƙe wannan gwaji, za mu komo kansa.

Shi wannan haske kashi biyu ne ya shafe mu. Akwai na kusa da ja, wanda ake kunna shi da fitila kamar yadda ake kunna tocila. Akwai kuma na nesa, wanda kowane abu mai ɗumi yake fitarwa da kansa dare da rana: kai, da sanka, da bangon ɗakinka, da dutsen da ya sha rana. Mesa ma tana da wasu 'yan ramuka a leɓenta da take jin irin wannan ɗumi da su, shi ya sa take samun gafiya cikin duhu. Allah Ya riga Ya yi wa macijiya abin da mutum ya zo yana ƙerawa daga baya.

Iri na farko: na sojoji, mai koren hoto

Wannan shi ne wanda kuke gani a sinima, kome ya zama kore. A cikinsa akwai wani bututu da ke tattara ɗan hasken wata da na taurari, ya riɓanya shi sau dubbai, ya nuna maka. An zaɓi kore ne domin ido ya fi rarrabe inuwar kore bisa ga sauran launuka. Tun a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1945, Jamusawa da Amurkawa suka ɗaura wa bindigogi irin na farko, amma waɗannan sai da babbar fitilar ɓoyayyen haske da batir mai nauyi da ake goyawa a baya. Wanda ke aiki da hasken taurari kaɗai ya fito ne a yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960.

A jikin kwali za ka ga an rubuta Gen 1, ko Gen 2, ko Gen 3, watau zubi na ɗaya, na biyu, na uku. Na ɗaya shi ne mai araha, hotonsa dishi-dishi, gefensa a karkace, in babu wata kuma ba ya taɓuka kome sai an kunna masa fitila. Na uku kayan soja ne mai tsadar gaske, Amurka kuma ta hana a fitar da shi daga ƙasarta sai da izinin gwamnati. Saboda haka in wani ya miƙo maka madubi a kasuwa da kuɗin akuya ya ce Gen 3 ne, ko dai rubutun ƙarya ne, ko kuwa kayan ta wata hanya suka fito wadda ba ka so sunanka ya shiga cikinta. Bututun nan kuma ba ya son haske mai ƙarfi. Yaro ya buɗe murfin da rana tsaka ya auna shi sama, an yi hasara. A ganinmu manomi ba shi da bukatar wannan iri, ba za mu ɓata tawada a kansa ba.

Iri na biyu: kyamara mai fitilarta

Wannan shi ya cika kasuwa, kuma muna kyautata zaton shi aka nuna wa mai takardarmu. Ana ce masa dijital. Ba wani abin al'ajabi ba ne, kyamara ce irin ta waya, da fitilar ɓoyayyen haske a gefenta, da ɗan allo a ciki inda kake ganin hoto fari da baƙi. Kyamarorin tsaro da ake kafawa a ƙofar kanti, waɗanda kake ganin jajayen ɗigo kewaye da idonsu da dare, danginsa ne. Rana ba ta lalata shi, yana ɗaukar hoto ya ajiye a kati, ga shi da sauƙin kuɗi.

Amma ka gane abu guda. Tocila ce, sai dai dabba da mutum ba sa ganin haskenta. Duk abin da ke tare hasken tocila yana tare nasa. Inda fitilar ta tsaya nan ganinka ya tsaya. Ganye kuma yana mayar da wannan haske ƙwarai, saboda haka in ka tsaya cikin dawa ko masara da ta yi tsawo, ganyen da ke gabanka zai yi fari fat ya kashe maka ido, abin da ke bayansa ya zama baƙi ƙirin. Da hunturu, ran da hazo ya sauka, ƙurar takan maido maka da hasken kamar yadda fitilar mota ke yi cikin hazo. Da damina ƙwari sukan taru a bakin fitilar kyamarar da aka kafa, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa, ka wayi gari ba ka ɗauki hoton kome ba sai zare. Sai a riƙa sharewa da tsumma mai laushi.

Inda ya yi kyau shi ne fili: tsakar garke, gaban rumbu, bakin akurki, lambun albasa ko tumatir. Idon dabba kuma yakan yi ƙyalli a cikinsa tun daga nesa, kamar yadda idon kyanwa ke yi a hasken fitila.

Fitilar iri biyu ce, za ka ga lamba 850 ko 940 a jikinta. Mai 850 ta fi kai wa nesa, amma wanda ya dube ta kai tsaye zai ga ɗan ja kamar garwashin taba. Mai 940 ba ta nuna jan, amma haskenta bai kai na waccan nisa ba. In dabba kake fako, 850 ta isa. To, ga inda gwajin rimot ya komo. Yadda wayarka ta ga ƙwan rimot, haka wayar ɓarawo za ta iya ganin fitilarka, balle wanda ke riƙe da irin madubinka, shi kam zai hango ka kamar mai ɗauke da aci-bal-bal. Mai gadin shanu a inda ɓarayi ke zuwa da makami ya yi tunani a kan wannan da kyau. Kada ka ɗauka a ɓoye kake.

Iri na uku: mai ganin ɗumin jiki

Masu sayarwa na ce masa tamal. Shi ba ruwansa da wata, ba ruwansa da fitila, ba ya kuma fitar da hasken da wani zai gani. Ɗumi yake karantawa. Jikin mutum yana wajen digiri 37, na saniya ya ɗara 38 kaɗan, na kaza ya kai 41. Da tsakar dare ƙasa da ciyawa sun huce, saboda haka duk mai jini a jika yakan fito fari sol a kan baƙin fili. Hayaƙi da ƙura ba sa tare shi kamar yadda suke tare na biyu, ko da yake ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa gani. Dabbar da ta laɓe cikin ciyawa marar kauri yakan nuna ta. Ga mutanen da ke noma kusa da Yankari, inda giwaye ke fitowa su shiga gonaki, ko na bakin ruwan Dadin Kowa, inda dorina ke hawowa kiwo da dare, wannan ne mai amfani, domin abin da suke bukata shi ne su san dabbar tana tafe tun tana nesa, kafin su yi kiciɓis da ita.

Shi ma yana da nasa aibi, dillali kuwa ba zai gaya maka ba. Ba ya gani ta cikin gilashi, ko na taga ko na mota. Shi ya sa ma idonsa ba da gilashi ake yi ba, da wani ma'adini ne mai tsada da ake kira jameniyam, wannan na cikin abin da ya sa kuɗinsa ya yi yawa. Ba ya gani ta bango, ko zana mai kauri, ko dawa da ta rufe. Maciji da kunama ba sa fitowa sosai, don jikinsu yana bin zafin wurin da suke.

Ga kuma wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, dutse da bangon ƙasa da yashi sukan wuni suna shan rana, har bayan lisha ba su huce ba. A wannan lokaci zafinsu na kusa da na jikin dabba, sai hoton ya cakuɗe, ka ga dutse ka ce akuya ce a kwance. Daga tsakar dare zuwa asuba ne yake aiki sosai. Da hunturu kuwa tun magariba hotonsa tas yake.

Wanda ya mallake shi zai same shi da wani amfani da rana ma. Hantsar saniya da ta kumbura takan fi sauran jiki zafi, haka kofaton da ciwo ya kama, sai ka lura da wuri ka kira malamin dabbobi. Mai 'yan tsaki yana iya duba ko ɗumin ɗakinsu ya game ko'ina. Amma fatar waje kawai yake karantawa, ba zai gaya maka abin da ke tsakiyar buhu ko cikin rumbu ba.

Lambar da ke jikin kwali

Nan ne ake cin kuɗin mutane, saboda haka a karanta a hankali. Za ka ga an rubuta mita 600, ko mita 1,000. Tambayar ita ce, a wannan nisa me za ka gani?

A 1958 wani masani da ke aiki da sojan Amurka, John Johnson, ya auna wannan al'amari, har yau kuma da ma'auninsa ake aiki. Ya raba gani hawa-hawa. Na farko, ka san akwai wani abu a can. Na gaba, ka san ko mutum ne ko dabba. Na ƙarshe, ka rarrabe shi sosai, ka san wane irin mutum ne ko wace irin dabba. Ya samu hawa na biyu yana bukatar hoton ya fi na farko kyau kamar sau huɗu, na ƙarshe kuwa fiye da sau shida. Masu kaya kuma lambar hawan farko suke bugawa, don ita ce babba. To, yi lissafi. In kwali ya ce mita 600, a nan ɗigo fari kawai za ka gani. Sai abin ya matso wajen mita 150 za ka san ko mai ƙafa biyu ne ko mai huɗu. Rarrabewa sosai sai ƙasa da mita 100. Fuska kuwa, na ɗumi ba ya nuna ta yadda za ka rantse a gaban alƙali ka ce wane ne.

Muna roƙon masu karatu su riƙe wannan da hannu biyu. Farin abin da ka hango a gefen gonarka da ƙarfe biyu na dare yana iya zama ɓarawo. Yana iya kuma zama maƙwabcinka da ya fito kewayawa, ko yaron da aka aika neman ɓataccen ɗan akuya, ko mai ban ruwa da ya yi sammako. Kada wanda ya ɗaga makami, ko ya yi kururuwar ɓarawo ya tara jama'a a kan mutum, bisa ga abin da ya gani a ɗan allon nan kaɗai. A yi magana tukuna, a haska fitila, a ji murya.

Sauran lambobin ba su da wuya. A na ɗumi, nemi yawan ɗigon idon na'urar: 160x120, ko 256x192, ko 384x288, ko abin da ya fi. Yadda lambar ta fi girma haka hoton ya fi kyau, kuɗin ma haka. Lura fa, wasu sukan buga lambar allon da kake kallo, wadda kullum ta fi girma, su ɓoye ta idon. Tambayi ta idon. Lambar da ke da mK a bayanta, ƙarama ta fi kyau: 50 mK na nufin yana rarrabe bambancin zafi na kashi ɗaya cikin ashirin na digiri guda. Mai Hz kuwa yawan hoton da yake sakewa ne cikin daƙiƙa. Mai 9 yakan yi tsalle-tsalle in dabba na gudu, mai 25 ko 50 yana tafiya sumul. In ka ga IP66 ko IP67, ƙura ba ta shigarsa, ruwan sama ma ba ya cutarsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da zai kwana a gona. Maganar jawo abu kusa sau takwas ko sau goma, in dijital ce, kada ta ruɗe ka. Buɗa hoton kawai take yi, kamar ka ja roba mai rubutu, rubutun ya yi girma amma bai ƙara fitowa ba.

Batir. Nemi wanda ake cire batirinsa a sa wani, kamar mai lamba 18650 da ake samu wurin masu tocila, ko wanda ake iya jona masa abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Wanda batirinsa ke like a ciki, ran da ya mutu madubin ya mutu. A na dijital fitilar ce ke shan wuta, saboda haka sa'o'in da aka rubuta a kwali, tambaya ko da fitila a kunne aka ƙidaya su.

Hukuma

Irin wannan kaya ana lissafa shi cikin kayan tsaro. A Nijeriya, ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro shi ke ba da takardar izinin shigo da kayan da suka shafi tsaro, kwastan kuma suna iya riƙe abin da ya zo babu ita. Ɗan kasuwar da ke shirin yin odarsa ya fara neman bayani a can kafin ya tura kuɗi. Kai mai saye kuma, ka sani a wuraren da ake fama da 'yan bindiga, in aka buɗe jakarka a shingen bincike aka ga madubin dare, za ka sha tambaya. Karɓi rasit mai sunan kanti da lambar na'urar. Sanar da mai unguwa ko dagaci, da ofishin 'yan sanda na kusa, cewa kana da shi da abin da kake yi da shi. In ƙungiyar manoma ce ta haɗa kuɗi ta saya, a rubuta wanda ke ajiye shi da wanda ya ɗauka kowane dare. Kada a ba da aronsa ga wanda ba a sani ba. Kada kuma a ɗaura shi a kan bindiga.

Ranar ciniki

Kada ka sayi madubin dare da rana. Ka ce wa mai kaya ku haɗu bayan lisha, in da hali a daren da babu farin wata, a wurin da babu fitilar titi. Tafi da yaro da akuya. Yaron ya ja akuyar ya yi taki 50 ya tsaya, ka duba. Ya ƙara 50, ka duba. Ku yi ta yi har inda ba ka iya rarrabe yaro da akuya. Wannan shi ne nisan madubin na gaskiya, sai ka gwada shi da faɗin gonarka. Sa'an nan yaron ya shiga bayan ciyawa ya tsuguna, ka ga abin da zai rage.

In an ce maka na ɗumi ne, ga gwaji mai sauƙi. Dafa tafinka a bango kamar daƙiƙa goma, ka ɗauke, ka duba wurin. Na gaskiya zai nuna maka sawun hannunka yana haske a bangon. In bai nuna ba, dijital ne aka yi wa ado da launi. Ka kuma bar shi a kunne kamar rabin sa'a kuna hira, ka ga yadda batir zai yi. Mai kayan da ya ƙi yarda da waɗannan, ko ya ƙi rubuta maka sharaɗin mayarwa a rasit, bar masa abinsa.

Amsarmu ga mai lambu

Malam, kai ba madubi kake bukata ba tukuna. Abin da kake so shi ne ka san mai tone maka rogo, madubi kuwa sai kana farke kana riƙe da shi yake aiki. Akwai wata ƙaramar kyamara ta dangin iri na biyu, wadda ake ɗaure wa a jikin itace a tafi a bar ta. Tana da wani ido da ke jin motsin abu mai ɗumi, in dabba ta gitta sai ta ɗauki hoto da kanta, ta rubuta sa'ar, ta ajiye a kati. Kuɗinta bai kai na madubin ɗumi ba ko kusa. Nemi inda sawun yake shigowa, ka ɗaure ta daidai gwiwa, ka share ciyawar da ke gabanta don kada iska ta riƙa kaɗa ta tana cika maka kati da hoton banza. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, saboda rana. Ka ɓoye ta da kyau, don ita ma abin sata ce.

Bayan kwana uku ko huɗu cire katin ka duba. In beguwa ce ko gafiya, maganinta shinge mai ƙarfi da aka binne gindinsa cikin ƙasa. In aladen daji ne, sai ku haɗu da maƙwabta ku yi gadi a sa'ar da hoton ya nuna suna zuwa, ba dare duka ba. In kuwa awakin wani ne ake saki da dare, ka sami abin da za ka nuna wa mai unguwa. Ka rubuto mana abin da ka gani.